Renon 'Ya'yan Ƙadangaren Ruwa a Jos: Daga Ƙwai Zuwa Ranar da Geza Ta Ɓace

"Malam, wallahi duk sun mace." Da wannan wata ɗalibata ta tare ni a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje wata safiyar Litinin cikin sanyin Disamba, tana nuna mini robar da muka bar ƙwai a ciki tun ranar Juma'a. Na leƙa. Ga su nan kamar an yayyanka baƙin zare, wasu kwance a gefe guda a gindin roba, wasu a rataye jikin ganye, babu mai ko motsi. Na zari tsinken tsintsiya na taɓa ruwan kusa da ɗaya. Ya lanƙwashe, ya zabura kamar an harba shi da gwafa, ya sake faɗuwa can gefe. Lafiyarsu ƙalau. Da na biye mata mun zubar da ruwan, ko kuma mun yi abin da ya fi wannan muni, wato mun watsa musu abinci don mu "farfaɗo" da su, da a ranar aka yi asarar gaske.

Duk sirrin renon waɗannan halittu a nan yake. Ba kalanda ce ke gaya maka lokacin ciyarwa ko lokacin rabawa ba, su ne da kansu, ta yadda suke kwanciya, suke iyo, suke kallon juna. Aikinka ka iya karanta su.

Dabbar da nake magana a kai Turawan Ingila na ce mata niwut. Ɗalibaina ne suka raɗa mata ƙadangaren ruwa, sunan kuma ya bi ta, duk da cewa ba dangin ƙadangare ba ce, 'yar'uwar kwaɗo ce mai wutsiya. Ba mu da ita a dajinmu. Kudu da Sahara babu irinta ko ɗaya. Gidanta Turai ne da Asiya da Arewacin Amurka, sai ɗan bakin Arewacin Afirka. Wadda na rena, kuma wadda nake ba mai farawa shawarar ya nema, ita ce ta Sifaniya da Fotugal da Maroko, masana na kiranta Pleurodeles waltl. Babbarta na iya kai tsawon santimita 30. Tana da juriya, shi ya sa ɗakunan bincike ke son ta, har Tarayyar Sobiyet ta aika ta sararin samaniya a 1985. Idan aka matsa mata, takan turo tsinin haƙarƙarinta ta cikin fata don ta soki maƙiyi, ramin kuma ya warke.

Me ya sa Jos? Saboda sanyi. 'Ya'yan suna son ruwa mai zafin digiri 18 zuwa 22, kuma da ya wuce 25 ya zauna a haka, sai cuta da mutuwa. Garinmu na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka ɗaki mai inuwa a Rayfield ko Bukuru ko Naraguta na ba ka wannan sanyin kyauta a yawancin shekara. Mutumin Kano ko Abuja sai ya haɗa da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Idan da zaɓi, ka sa ƙwanka ya zo tsakanin Nuwamba da Disamba, ko kuma bayan damina ta kankama a watan Yuni, don kada ƙanana su faɗa cikin zafin Maris da Afrilu.

Kafin mu shiga aiki, abu biyu. Ka nemi ƙwai daga wanda ke kiwo a cikin gida, idan kuwa daga waje za a shigo da su, sai da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS. Na biyu, duk abin da ya shiga robarka ba ya komawa rafi ko kududdufi, ko da rai ko a mace, har ruwan ma a busasshiyar ƙasa za ka zubar. Akwai wata cutar fata ta naman gwari da aka gano a 2013, wadda ta kusa ƙarar da wani jinsin danginsu a Holan, ana kuma danganta yaɗuwarta da cinikin dabbobin ado daga Asiya. Saboda ita Amurka ta hana shigo da jinsi 201 a 2016. Kwaɗinmu na Filato ba su yi mana laifin da za mu kai musu baƙuwar cuta ba.

Ruwa da roba

Ba ka buƙatar tankin gilashi mai tsada. Robobin ajiyar abinci masu faɗi, masu ɗaukar lita huɗu ko biyar, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Taminus ta Jos, sun fi dacewa. Sayi aƙalla shida, sababbi, ka ɗauraye da ruwa zalla. Sabulu ko omo kada su kusance su har abada, domin fatar waɗannan halittu na shan duk abin da ke cikin ruwa. Kada ka zuba yashi ko tsakuwa. Gindin roba fili shi ke nuna maka kashi da ragowar abinci. Sai sirinji babba marar allura da ɗan siririn tiyo a bakinsa, da cokalin roba, da ma'aunin zafi, da bokiti biyu na ajiyar ruwa.

Ruwan famfo na da kulorin, sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti kafin ya yi amfani, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin na masu kifin ado. Ruwan burtsatse mai kyau ya fi sauƙi, shi ma ka bar shi ya kwana don zafinsa ya daidaita da na ɗakin. Ruwan sama da ya gangaro ta kwanon rufi kada ka yarda da shi. Ruwan tsofaffin kududdufan haƙar kuza kuwa, duk da kyan ganinsa, ba ka san abin da ya narke a ciki ba, ga shi cike da 'ya'yan mazari, waɗanda ɗaya tak zai iya cinye maka roba guda cikin mako. Haka kainuwa: tana ba da inuwa mai kyau, amma ka wanke saiwarta sarai, ka ajiye ta daban na 'yan kwanaki kana dubawa. Ni na fi son yayyanka baƙar leda siri-siri in jefa musu. Ba ta ruɓewa, ba ta ɗauko kowa.

Ƙwai

Uwa takan manna ƙwanta jikin ganye da duwatsu, ɗaruruwa a lokaci guda, kowanne cikin ɗan kwanson yauƙi. Wasu jinsunan Turai kuwa uwar kan naɗe kowane ƙwai a cikin ganye da ƙafafunta na baya. Ko wanne ne, ka raba ƙwan da iyayen, don za su cinye. Saka su a ruwa mai zurfin yatsa guda, wajen santimita biyar, a wurin da rana ba ta bugawa.

Kullum da safe ka duba. Ƙwai mai rai yana sauya siffa: daga ƙwallo ya zama kamar ƙwayar wake, sannan kamar waƙafi, daga baya ka fara ganin ɗan yana juyi a ciki. Wanda ya yi fari fat, ko ya fito da gashi kamar auduga, ya lalace, ka zuƙe shi da sirinji kafin ya shafi maƙwabtansa. A zafin digiri 18 zuwa 20, tsakanin kwana goma da mako biyu suke fashewa. Idan hunturu ya yi tsanani ruwan ya sauka ƙasa da haka, za su ƙara kwanaki, ba abin damuwa ba ne. Kada ka yi musu tiyata da tsinke don ka taimaka musu fitowa.

Kwanakin kwanciya

Wannan shi ne matakin da ya tsorata ɗalibata. Sabon ɗa bai wuce santimita ɗaya da ɗan ɗori ba. Ba shi da ƙafa. A kowane gefen wuyansa akwai geza uku kamar gashin tsuntsu, da su yake numfashi. Idan ka sa gilashin ƙara girma za ka ga wasu 'yan sanduna biyu sirara a gaban gezar, ɗaya a kowane kunci, bakinsu na da danƙo. Da su yake dogarawa a gindin roba don kada ya kife, da su kuma yake ratayewa jikin ganye. Cikinsa fari-fari ne a kumbure, ragowar gwaiduwa ce, ita yake sha.

A nan aikinka ka bar su. Bakinsu bai gama buɗewa ba, idonsu bai gama gani ba, duk abincin da ka zuba ruɓewa zai yi ya ɓata ruwa. Kada ka jijjiga roba don ka tabbatar suna da rai. Kowace zabura tana cin gwaiduwar da ya kamata ta gina jiki. Kada ka kunna famfon iska mai ƙarfi, zai yi ta wujijjiga su. Ruwa marar zurfi a roba mai faɗi yana shan iska da kansa.

Abin da za ka yi a waɗannan kwanaki shi ne shirya abinci, don ranar da suka tashi ba sa jira. Alamun tashin nan uku ne, kuma kusan tare suke zuwa bayan 'yan kwanaki, galibi kafin mako ya cika: farin ciki ya sace, sun daina kwanciya a gefe sun zauna daidai a kan ciki, sannan idan wani ƙura-ƙura ya gitta sai ka ga kai ya ɗan juya ya bi shi.

Abincin farko

Nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, ni ma a nan na fara yin tawa. A zagayena na farko na murƙushe abincin kifi na kwali na barbaɗa musu, ina ganin ai ƙura ce, za ta shiga baki. Ko kallo bai ishe su ba. Cikin kwana huɗu fiye da rabi suka tafi, yunwa a ciki, ruɓaɓɓen ruwa a waje. Talibambam na kwaɗo yana kankarar gansakuka, yana cin duk abin da ya samu. Ɗan niwut maharbi ne tun ranar farko, abin da ba ya motsi a wurinsa ba abinci ba ne.

Wani dattijo mai ƙyanƙyasar tarwaɗa ne ya warware mini. Na kai masa kuka, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai naka da nawa duk jirgi ɗaya ne. Atemiya za ka ba su." Atemiya wasu ƙananan jatan lande ne na ruwan gishiri, ana sayar da busasshen ƙwansu a gwangwani kamar garin barkono mai ruwan ƙasa. Gwangwanin da tsada, amma masu sayar da kayan kiwon kifi kan auna maka kaɗan, cokali biyu ko uku sun ishe ka zagaye guda.

Ga yadda ake tayar da su. Yanke gindin gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ka kife ta baki a ƙasa. Zuba ruwa lita ɗaya, da gishiri giram 25 zuwa 30, wajen babban cokali ɗaya da rabi ke nan, da rubu'in ƙaramin cokali na ƙwan. Saka tiyon iska har ƙasa ya riƙa tafarfasa ruwan. Su atemiya ɗumi suke so, digiri 25 zuwa 28, a nan suke fashewa cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A hunturun Jos sai su kai kwana biyu ko fiye, don haka ka ajiye gorar kusa da ƙwan lantarki mai zafi ko a kicin, nesa da robobin 'ya'yanka. Gora biyu za ka yi, ana tayar da ɗaya yau, ɗaya gobe, don kada a wayi gari babu. Idan wuta ta zama abin da ta zama, ka zuba ruwan gishirin a faffaɗan faranti, zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ba, ka barbaɗa ƙwai kaɗan a sama. Ba ya ba da yawa kamar gora, amma ba ruwansa da NEPA.

Wajen kwasa, cire iska ka jira minti biyar zuwa goma. Ɓawo zai taso sama, masu rai kuma, ja-ja kamar ruwan lemo, za su taru inda ka haska tocila. Zuƙe su da sirinji, ka tace a ƙyalle mai laushi, ka ɗauraye da ruwa marar gishiri. Ka kula ƙwarai kada ɓawo ko ƙwan da bai fashe ba ya bi, yana toshe musu hanji.

Yanzu ka ɗiga kaɗan, ka ja kujera ka zauna, domin wannan kallon shi ne ladan wahalar. Ɗan ba ya bin abinci da gudu. Yakan tsaya cik, atemiya ta zo tana rawa gaban hancinsa, sai ka ga ya yi wani ɗan tsalle, ta ɓace. Buɗe baki yake yi farat ɗaya, ruwa ya ruga ciki da abin da ke cikinsa. Ba da ido kaɗai yake farauta ba, a jikinsa akwai layin jijiyoyi masu jin girgizar ruwa irin na kifi, shi ya sa ko cikin duhu yana ci. Bayan awa guda ka haska su ta gefe: wanda ya ci, cikinsa ya zama ja kamar an cusa masa ɗan manja. Wannan jan cikin shi ne rasit ɗinka. Idan mafi yawa cikinsu fari ne, ko abincin bai isa inda suke ba, ko ruwan ya yi zurfi, ko ka yi gaggawa da kwana ɗaya.

Sau biyu a rana ya isa. Atemiya ba ta wuce 'yan awoyi a ruwa marar gishiri, don haka kafin dare ka zuƙe matattun da kashin da ke gindi, ka mayar da kusan rabin ruwan da sabo daga bokitin da ya kwana a ɗaki ɗaya da su. Sabon ruwan a hankali ake zuba shi ta jikin roba.

Ƙafafu sun fito, an fara cin amana

Kwaɗo ƙafafun baya yake fara nunawa. Niwut na gaba ne, masu yatsu huɗu, sirara kamar gashi. Da sun yi ƙarfi, 'yan sandunan kunci sai su bushe su ɓace, aikinsu ya ƙare. Daga nan halin ya sauya. Mai zama ya jira ya koma mai sanɗa: yana taka gindin roba a hankali, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya, kamar kyanwa ta hango ɓera. Bayan wasu makonni na baya su biyo, masu yatsu biyar.

A wannan tsakanin ne za ka lura ba su tashi daidai ba. Uwa ɗaya, rana ɗaya, roba ɗaya, amma wani ya ninka wani. Kuma ka tuna ƙa'idarsu: duk abin da ya motsa, ya kuma shiga baki, abinci ne. Gezar ɗan'uwa na motsi, ƙafarsa na motsi. Farko za ka fara ganin masu guntun wutsiya da masu ƙafa uku. Idan ka yi sakaci, wata safiya ka tarar da babba yana yawo da wutsiyar ƙaninsa a baki, kai ya riga ya shige.

Maganin shi ne rabawa bisa girma, duk bayan kwana huɗu ko biyar, ba tare da gajiya ba. Da cokali ko ƙaramin kofi ake kwasarsu tare da ruwansu, ba da raga ba, ba da hannu ba. Ni nakan fara da kamar ashirin a roba, idan ƙafafun gaba sun fito in mayar da su goma, idan na baya sun fito biyar ko ƙasa. Ƙara yankakkiyar leda don kowa ya sami maɓoya, wanda ba ya ganin ɗan'uwansa ba ya kai masa hari. Ka kuma ƙara girman abinci, don atemiya ta fara yi musu kaɗan: ƙumar ruwa irin wadda masu tarwaɗa ke tayarwa a koren ruwa, tsutsar sauro da aka ɗauraye (iya abin da za su cinye nan take, kada ka buɗe wa unguwa gonar sauro), daga baya tana da aka yayyanka ƙanana, daga ƙasar da ba a yi wa feshi ko zuba taki ba.

Wanda aka cire wa ƙafa kada ka yar da shi. Ware shi a ruwa mai tsabta, ka ciyar da shi sosai. Wurin zai yi ɗan tsiro fari, tsiron ya miƙe, ya tsage ya fitar da yatsu, cikin 'yan makonni ƙafa ta dawo da ƙashinta da jijiyarta. Ɗalibaina sun fi koyon ilimin halittu a gaban wannan robar fiye da duk abin da na taɓa zana musu a allo.

Geza ita ce allon sanarwarsu. Idan ta buɗe, ta yi ja, ta yi gashi, ruwa na da kyau. Idan ta ƙanƙance tun suna ƙanana, ko ta lanƙwasa gaba, ko ka ga suna yawan zabura ba dalili suna tasowa sama, kashinsu ya tara amoniya (wani dafi da ke ɓata ruwa) ko ruwan ya yi zafi. Kada ka tsaya neman magani, sauya rabin ruwa ka duba ma'aunin zafi. Wanda ke yawo a saman ruwa da kumfar iska a ciki, ware shi a ruwa marar zurfi sosai yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, sau da yawa yakan fitar da ita.

Idan zafin Maris ya riske ka da su, sauke robobin ƙasa a kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi, ka lulluɓe gefensu da jiƙaƙƙen buhun algarara inda iska ke ratsawa, dabarar randa ke nan. Ranar da abin ya ƙi, gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, a cikin babban baho da robobin ke zaune a ciki. Kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye, faɗuwar zafi farat ɗaya ita ma kisa ce.

Rikiɗa

Wajen wata uku zuwa huɗu, ya danganta da zafi da ƙoshi, manyan cikinsu za su fara sauya hali kafin su sauya kama. Sukan rage ci, wani ma ya daina na 'yan kwanaki. Sukan yawaita tasowa su haɗiyi iska, don huhu ya fara aiki. Sannan geza ta fara guntulewa kullum, faffaɗar fatar da ke bin gadon baya zuwa wutsiya ta janye, kai ya baje, idanu su ɗan fito, fata ta yi duhu ta yi kaushi. Za ka iya tsintar saɓarsu a ruwa kamar siririyar farar leda, wani lokaci su cinye abarsu. Ƙanƙancewar geza a wannan girman ba ciwo ba ne, lokaci ne ya yi.

Rage ruwan ya dawo kamar santimita uku zuwa biyar, ka karkata robar ko ka sa dutse mai faɗi da aka wanke, wanda kansa ya ɗan fito, don mai son hutawa ya hau. Irin na Sifaniya yawanci sukan ci gaba da zama a ruwa bayan rikiɗa, amma wasu jinsunan, kamar mai jan ciki na Sin, ƙanana kan fita tudu su daɗe, kuma idan babu wurin hawa sai su nutse. Daga yau murfi dole ne, mai ƙananan huji, a danne shi. Jiƙaƙƙen cikinsu na manne wa roba su hau ta kamar tsaka, kuma wanda ya fita cikin iskar hunturu kafin asuba ya bushe a bayan kabad. Fatarsu ta fara fitar da dafi, don haka wanke hannu bayan kowane aiki, yara kuma kallo kawai.

Bayan kwana biyu ko uku da ɓacewar geza, ɗauki guntun tana da ɗan hantsaki ka kaɗa a gaban hancinsa. Zai sunsuna, abin da bai saba yi ba a da, don yanzu hanci ya shiga cikin farauta. Idan ya kau da kai, cire tanar ka dawo gobe da yamma. Idan ya cafka ya girgiza kai hagu da dama, mayar da shi robar manya, ka rubuta kwanan wata a jikin murfin.